Rayuwar Ɗaliban Gashin Ƙashi a Wani Asibitin Koyarwa na Arewa

Sashen koyar da gashin ƙashi na wata jami'a a Arewa gida biyu gare shi: ajujuwa da ɗakunan gwaji a kwalejin kimiyyar lafiya, sai babban ɗakin motsa jiki a asibitin koyarwa, inda ɗalibai ke haɗuwa da marasa lafiya. Tsakanin wuraren nan biyu ɗalibi yake yin shekarun karatunsa kafin a rantsar da shi. Sana'ar ba ta tsufa a Najeriya ba. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, a 1959 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, a 1966 kuma Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri. Arewa daga baya ta shigo, Kano da Maiduguri na kan gaba. Doka mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke tantance irin waɗannan sassa, ita kuma ke ba wanda ya gama lasisin aiki.

Shekarar farko ɗaya take da ta sauran ɗaliban kimiyya. Abin lura shi ne da yawa daga 'yan ajin ba wannan karatu suka nema ba. Likitanci suka cike, makinsu bai kai ba ko gurbi ya ƙare, aka turo su nan. In ɗalibi ya je gida hutu ya faɗi abin da yake karantawa, sai a tambaye shi ko tausa yake koyo ko ɗori. Wannan yana ci wa yara rai fiye da yadda malamai ke zato, har wasu su gama shekarar rabin hankalinsu na kan sake zana jarrabawar shiga jami'a. Maganin abin ba shi da tsada, wato a riƙa kai sababbin ɗalibai asibiti tun da wuri su ga aikin da idonsu. Wanda ya ga mai shanyewar ɓarin jiki ya miƙe tsaye a karon farko bayan wata biyu a kwance ba ya sake raina sana'ar.

A aji biyu karatu ke nuna ainihin nauyinsa. Nan ake shiga ɗakin gawa, inda warin maganin adana jiki ke sa ido hawaye, wasu ma su kasa cin nama na 'yan makonni. Ɗalibi zai san ƙasusuwa 206 na jikin baligi, ya san kowace tsoka inda ta taso, inda ta ɗauru, da jijiyar da ke ba ta umarni. Jarrabawar da aka fi tsoro ita ce wadda ake jera sassan jiki a kan tebura, an soka ɗan tsinke a kowanne, ɗalibi ya rubuta sunan abin da aka nuna kafin ƙararrawa ta buga ya matsa tebur na gaba. Wanda ya faɗi babbar jarrabawar wannan mataki yakan sake zama, ko ya maimaita shekara, ko a sauya masa sashe. Lokacin ne aka fi ganin masu kwana a aji da fitilar waya, suna shan shayi mai kauri don korar barci.

Ɗakin gwaji shi ya bambanta wannan karatu da sauran karatun lafiya, domin a jikin juna ɗalibai ke koyo. Ɗaya ya kwanta a gado, ɗaya ya laluba ƙashin kafaɗarsa, ya lanƙwasa gwiwarsa ya auna da ma'aunin gaɓa, sannan su yi musaya. Nan ake koyon auna ƙarfin tsoka daga sifili zuwa biyar: sifili babu ko motsi, uku gaɓar na iya ɗaga nauyin kanta, biyar kuwa cikakken ƙarfi ne. Kafin ɗalibi ya ɗora wa wani na'urar lantarki mai motsa jijiya, sai ya fara jin tsirarta a damtsensa. Kafin a kunna wa kowa fitilar gashi, sai an gwada fatarsa da kwalba mai ruwan ɗumi da mai ruwan sanyi, saboda mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji zai iya ƙonewa bai ce uffan ba.

A nan kunya ke shigowa, kuma ba abin wasa ba ce. Ba a ganin tsokar baya ta cikin riga, ɗalibai da yawa kuwa sun taso ne a gidajen da ko hannu ba a gaisawa tsakanin namiji da mace. Sashen ya raba ɗakin da labule, maza da maza, mata da mata, kuma ya yi daidai. Inda ba a yi haka ba, ɗaliba takan koma bayan aji tana kallo har zango ya ƙare hannunta bai koyi komai ba. Asarar ta al'umma ce, domin mata da yawa a Arewa gara su zauna da ciwonsu da namiji ya taɓa su.

Daga aji huɗu rayuwa ta koma asibiti. Tun ƙarfe takwas bencina sun cika. Ga dattawan da hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki, ga yaran da doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa ƙwaƙwalwarsu suna jarirai, ga yaron da ƙafarsa ke ja tun da aka yi masa allura a ɗuwawu ba daidai ba, ga waɗanda suka yi hatsarin babur, ga hannun da ya ƙandare saboda an matse ɗaurin ɗori. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar shan inna na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan suna zuwa neman takalmin ƙarfe da sanda. Ɗalibi ya ɗauki tarihin ciwo, ya duba, ya gabatar wa malami, ya yi aikin a gabansa, sannan a sa masa hannu a littafin shaida.

Ɗaga mai shanyewar jiki daga gado zuwa kujera ya isa nuna yadda aikin yake. Ɗaliba ta zaunar da dattijo a bakin gado, ta tokare gwiwarsa marar ƙarfi da gwiwoyinta, ta ɗan durƙusa bayanta a miƙe, ta riƙe ƙugunsa. Ta ce, "Baba, in na ƙirga uku mu tashi tare, kada ka ji tsoro, ina riƙe da kai." Shi kuma ya ce, "To 'yata, Allah ya yi miki albarka." In ta yi daidai cinyoyinta ne ke ɗaukar nauyin, in ta kuskure kuma bayanta. Gadajen sashen da yawa ba sa hawa ba sa sauka, don haka dogon ɗalibi a sunkuye yake yini. Ciwon baya, na wuyan hannu da na babban yatsa sanannu ne a wannan sana'a, kuma tun daga makaranta suke farawa. Jikin ɗalibi shi ne kayan aikinsa, ya kamata a kula da shi yadda ake kula da na'urorin sashen.

Akwai kuma gajiyar zuciya. Sauƙi a wannan fanni a hankali yake zuwa, wani lokaci bayan watanni. Dangi na tambaya yaushe zai yi tafiya, ɗalibi kuwa an hore shi kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Uwar da ke goyo yaro ɗan shekara biyar daga ƙauye takan zo sau uku ko huɗu, kuɗin mota ya gagara, ba a sake ganinta ba. Shi ya sa malaman kirki ke matsa wa ɗalibi ya koya wa uwa atisayen da za ta yi wa ɗanta a gida tun zuwan farko. Ofishin ba ɗalibai shawara yana can babbar harabar jami'a, nesa da asibiti, ba kowa ma ya san da shi ba. Abin da ke riƙe yawancinsu shi ne karatun rukuni, darasin yamma da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana, masallaci ko coci, da malamin da ke jan ɗalibi gefe ya gyara masa kuskure. Wanda aka ci wa fuska a gaban marar lafiya yakan daina tambaya, ɗalibin da ba ya tambaya kuwa hatsari ne ga wanda yake dubawa.

Sauran matsalolin na kowane ɗalibin jami'a ne, sai dai nan sun fi cizo. Gadon kwana a kusa da asibiti ya yi kaɗan, kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ga farar riga, ma'aunin gaɓa da ƙaramar gudumar gwada jijiya duk daga aljihu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, hannu kuwa yakan manta abin da ya daina yi. Ranar 8 ga Satumba, ranar gashin ƙashi ta duniya, ɗalibai kan fita kasuwa ko tasha su auna hawan jini, su nuna wa 'yan dako yadda ake ɗaga kaya ba tare da cutar da baya ba.

A ajin ƙarshe ana rubuta kundin bincike, a yi jarrabawar ƙarshe a kan marar lafiya na gaske a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Bayan rantsarwa sai aikin sanin makama na shekara guda a asibitin da hukuma ta amince da shi. Guraben ba su kai yawan masu nema ba, wasu sukan yi watanni a gida suna jira. Daga nan sai hidimar ƙasa. Waɗanda suka samu dama da yawa sukan nufi Saudiyya ko Ingila, sauran su taru a manyan birane, alhali asibitocin ƙananan hukumomi da dama ba su da mai gashin ƙashi ko ɗaya.