Tsohuwar motar gida da sabon direba

A gidaje da dama a Kaduna da Kano da Zariya akwai motar da ta wuce a kira ta ƙarfe. Ita ta ɗauko amarya, ita ta kai uwargida asibiti ranar haihuwar ɗan fari, ita ce kuma ke kai iyali ƙauye duk Sallah ta dawo but cike da buhunan masara. A wasu gidajen Peugeot 504 ce, irin wadda kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya yi ta harhaɗawa har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. A wasu kuma tsohuwar Honda ce ko Marsandi da maigida ya saya tun yana ƙaramin ma'aikaci.

Sai ga ranar da ɗan fari, ko 'yar fari, ya cika shekara 18, shekarun da dokar Nijeriya ta yarda mutum ya mallaki lasisin tuƙi. Lissafin maigida a nan ba ya ɗaukar lokaci: a ba yaro tsohuwar, in ya goge ta da katanga ba a yi asara ba. Ya kan ƙara da cewa ai ƙarfen da ne, motocin yanzu kuwa gwangwani ne, ko akuya suka buga sai sun lotsa.

Wannan magana ta biyu ita ce ke buƙatar a tsaya a kanta, domin an gwada ta. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta haɗa motoci biyu gaba da gaba: Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, katafariya mai kaurin ƙarfe, da Chevrolet Malibu ƙirar 2009. Kowacce tana gudun kusan kilomita 64 a awa. Da ƙura ta lafa, wurin zaman direban tsohuwar ya murƙushe, sitiyari ya faɗo wa mutum-mutumin da aka zaunar a kujera. Sabuwar kuwa gabanta ya ragargaje, amma ɗakin fasinja yana nan yadda yake. Lotsewar da ake raina motocin zamani da ita da gangan aka yi ta. Gaban motar ne ke naɗewa ya shanye ƙarfin karon kafin ya iso ga ƙirjin mutum. Motar da ba ta lotsa ba, jikin wanda ke ciki ne ke karɓar dukan.

Shi kuma wanda ake shirin miƙa wa makullin, shi ne ya fi kowa a gidan kusa da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda jihohi da yawa ke ba da lasisi tun daga shekara 16, alƙaluman IIHS sun nuna cewa a kan kowace tazara da aka tuƙa, 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka manya kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Matashi ya fi uban nasa ganin hanya da saurin taka birki. Abin da bai da shi shi ne sanin cewa ɗan acaɓan nan zai yanko ba tare da ya waiwaya ba, ko cewa tirelar da ke gaba ba ta da fitilar baya. Shi ya sa jihohin Amurka ke taƙaita wa sabon direba tuƙin dare da ɗaukar abokai, don mota cike da samari tana sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Duk wanda ya taɓa ganin wasan mota a rakiyar amarya ya san haka ba sai an kawo masa alƙaluma ba.

To wace mota ta dace? Masana sun fi nanata abubuwa kaɗan. Bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda injiniyan Volvo Nils Bohlin ya fito da shi a 1959, ya kasance yana aiki a kowace kujera, har ta baya. A samu jakar iska da birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Sai na'urar ESC, wadda ke kama mota idan ta fara zamewa a kwana, ta danna birkin taya ɗaya ta dawo da ita kan hanya. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, kuma tunda yawancin Camry da Accord da Corolla da ke wajen dillalanmu daga can suke, shekarar ƙira kaɗai na iya faɗa wa mai saye abu mai yawa. Inji kuma mai fulogi huɗu ya ishi mai koyo. Mai fulogi shida daɗin ja gare shi, kuma daɗin nan ne matsalar.

Amma kada a ɗauka duk tokumbo mai sheƙi lafiyayya ce. Da yawa an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka, aka miƙe su, aka fesa fenti. Wasu jakar iskarsu ta riga ta fashe, aka liƙe wurin aka bar shi fanko. Gwajin farko mai sauƙi ne: in aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala, in kuma ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire ƙwan ne don ya rufe asiri. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ana iya bincika tarihin mota da ita a intanet. Da ita kuma ake gane ko motar na cikin miliyoyin da aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe ta watso ƙarfe. Honda Accord da Civic na farkon shekarun 2000 na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma har yau suna yawo a titunanmu. Taya ma tana da ranar haihuwa a gefenta: lambobi huɗu kamar 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Saura batun aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin mota ya yi tashin da ma'aikaci ba ya iya bi. Ba kowane gida ne zai iya sayar da tsohuwa ya cika kuɗi ya sayi wata ba, kuma wani maigidan ko da kuɗin, ganin motarsa ta koma tasha tana lodin Kaduna zuwa Zariya sai ya hana shi barci. Inda gida ke da mota biyu, mafita mai araha ita ce a juya al'adar: uba mai shekara talatin a kan sitiyari ya riƙe tsohuwarsa da ya san halinta, ya ba yaro wadda ta fi kariya. Inda ɗaya ce, a kai ta wa makanike ya duba birki da taya da bel, a tsayar da yaron a cikin gari da rana har hannunsa ya faɗa.

Lasisin ma a bi hanyarsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta shar'anta shiga makarantar tuƙi da ta amince da ita, sannan gwajin jami'an VIO. Uban da ya biya wani ya kawo wa ɗansa kati har gida bai taimake shi da komai ba. Iyaye su zauna a kujerar gefe na watannin farko, su ɗaura bel a gaban yaron, su kuma ajiye waya in suna tuƙi, domin yadda ya ga ana yi haka zai yi.