Magana Ma Magani Ce a Ɗakin Gaggawa

In jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, tana iya rasuwa cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in jinin ya kai rabin lita, akwai haɗari. A irin wannan lokaci, in ma'aikata suka tsaya gardama, ko maijego ta ji kunyar faɗin abin da ke damunta, jini ba ya jira. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan ɗakin gaggawa yadda za su yi magana, kamar yadda ake koya musu allura da ɗinki.

Tsakanin ma'aikata

Ko harshe da haƙori sukan saɓa, balle mutanen da suka kwana a tsaye. Ga abin da ake koya musu.

In likita ya faɗi magani da yawansa, mai yin allurar ya maimaita da baki kafin ya yi. In akwai kuskure, a nan za a kama shi.

Ƙarami yana da izinin tsayar da babba. Sau da yawa nas mace ce ke fara ganin numfashin yaro ya canza. In ta yi shiru don likita namiji ne, ko don ya girme ta, yaron ne zai cutu. Ana koya mata ta faɗa a fili, in ba a ji ba ta sake faɗa. Shi kuma ana koya masa ya saurara.

Ba a faɗa a kan gadon majiyyaci. Sai an gama aiki su biyun su keɓe, a yi magana a kan abin da ya faru, ban da zagi. In abin ya gagara, a kira na uku. Wannan tsari ne muke samu a Matta sura 18.

Tsakanin ma'aikaci da mace

Sau da yawa miji ko uwar miji ke amsa tambaya, mai ciwo tana sunkuye. Amma ita kaɗai ta san ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. Wannan amsa tana iya nuna cewa ciwon marar da ya kawo ta ciki ne da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe sai tiyata nan take. Don haka ake koya wa ma'aikaci ya ja labule, ya tambaye ta da kanta, ya nemi izininta kafin ya duba ta, kuma wata mace ta tsaya kusa.

Naku aikin

Maigida, in an ce ka ɗan fita, ba raini ba ne. In mace ce ke duba majiyyacinka, ka ba ta girman aikinta. Ƴar'uwa, ki faɗi komai, har maganin gargajiyar da kika sha. Kina da damar neman a kira miki mace. In an shigar da wanda ya zo bayanku, ku yi haƙuri: a nan tsananin ciwo ake bi, ba layi ba. In ba ku gane bayani ba, ku ce a maimaita. In kuma wani ya wulaƙanta ku, ku kai kuka wurin shugaban sashen. Ta haka ake gyara.