Littafin Shirin Jarrabawar GRE: A Duba Shekarar Bugu Kafin a Biya Kuɗi

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, kuma yake hangen digiri na biyu a Amurka, yakan ci karo da jarrabawar GRE. Abin da ya fi saurin shiga hannunsa kuwa shi ne tsohon littafin da wani yayansa ya bari, ko kwafin da ake ta turawa a WhatsApp.

Hukumar ETS da ke Princeton a jihar New Jersey, mai shirya jarrabawar, ta sake mata fasali a watan Satumba na 2023. A da ana shafe kusan awa huɗu, yanzu awa ɗaya ce da minti 58. Insha'i biyu sun koma ɗaya na minti 30, tambayoyin Turanci 27, na lissafi ma 27. Littafin da aka buga kafin nan lissafinsa bai lalace ba, sai dai zai saba maka da lokacin da ba shi za ka tarar ba. Wanda ya girmi 2011 kuwa a bar wa mai ƙosai ta naɗe kaya, domin cike yake da tambayoyin kishiyar kalma da aka soke tun shekarar.

A ganina da kayan ETS ya kamata a fara. Kamfanonin Kaplan, Princeton Review, Manhattan Prep da Magoosh duk kwaikwayon tambayoyin suke yi. A lissafi kwaikwayon yana biyan buƙata, kuma ƙaton littafin atisaye na Manhattan Prep ya ishi mai son hannunsa ya faɗa. A karatun fahimta ne ake gane bambanci, don tarkon da ETS ke ɗanawa cikin amsoshi yana da wuyar kwaikwayo.

Akwai kuma abin da takarda ba ta iyawa. A kwamfuta, wuyar sashe na biyu na Turanci ko na lissafi ta dogara da yadda ka yi a na farko. ETS na ba da gwajin PowerPrep kyauta mai wannan tsari. Yi shi tun ba ka sayi komai ba. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 ne zuwa 170, inda ka gaza nan za ka kashe kuɗinka.

Kuɗin rajista ya haura dala 200, sassa da dama a jami'o'in Amurka kuma sun daina neman GRE. Duba sharuɗɗan sashen da kake nema tukuna.