Tseren kilomita 21 a ƙasar duwatsu

A ƙasashe da yawa ana yin tseren ƙafa na kilomita 21, wanda ake kira rabin gudun famfalaki. Mu mutanen Kaita, Buza da Madawa mun saba da hawa da gangara, daga duwatsun Adar zuwa kwarin Majiya. Amma tafiya daban, gudu daban.

Sabon mai gudu yakan fita da ƙarfi, sai hawa na farko ya cinye masa numfashi. Saboda haka mu fara a hankali. A hawa, mu taƙaita taku. In numfashi ya gaza, mu koma tafiya, ba abin kunya ba ne. A gangara kuma kada mu zuba a guje, domin nan ne cinya da gwiwa suke shan wahala.

Mu yi wata uku muna koyo kafin ranar tsere. Mu fita da asuba, mu guji zafin bazara, mu riƙa kurɓar ruwa.

Wanda ya ji jiri, ko hankalinsa ya ruɗe, ya tsaya nan take. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti. Zafin rana yana kisa.