Karent ko sebins: ina ya kamata kuɗinmu su kwana?

A nan Nyohini, mutum zai shiga banki ya buɗe asusu, a miƙa masa fom, ya sa hannu, ya fito bai san wane iri aka buɗe masa ba. Ni malamin makaranta ne, kuma iyayen yara kan tambaye ni bambancin. Ga shi a taƙaice.

Asusun karent na kuɗin da ke tafiya ne. Ana ba ka littafin cek, ka cire ko sau nawa ne. Ɗan kasuwar Aboabo mai sayo kaya daga Kumasi ko Accra, shi ya fi dacewa da shi. Yawanci banki ba ya ba ka komai a kai, sai ma ya yanki kuɗin hidima duk wata.

Asusun sebins kuwa na kuɗin da ke zaune ne: kuɗin makarantar yara, na aure, na Hajji. Yankansa kaɗan ne, ba a saba ba da cek ba, kuma banki na ƙara maka kuɗin ruwa.

To, a nan ne mu Musulmi muke tsayawa. Da yawa sukan ce karent ya fi tsarki tunda babu ruwa. Haka ne, amma a lura: ta wannan ƙofar ce banki ke barin ka ciri fiye da abin da ka ajiye, kuma wannan bashi ne mai ruwa. Ma'aikaci mai jiran albashi, idan wata ya yi nisa, nan ake kama shi. Mai sebins kuma ya tambayi banki ko za a daina sa masa ruwan. Idan ya riga ya shiga, malamai da dama sun ce a fitar da shi ga mabuƙata.

Kada ruwan ma ya ruɗi kowa. A Disambar 2022 tsadar kaya a Ghana ta wuce kashi 54 cikin ɗari. Wane sebins ne ya kamo wannan?

Sai batun amana. A 2017 Babban Bankin Ghana ya janye lasisin UT Bank da Capital Bank, a 2019 kuma ya janye na ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Don haka kafin ka tambayi irin asusun, tambayi lasisin gidan.

Haka nan, asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, banki na ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, sai ka je da Ghana Card a farkar da shi.

Shawarata, ɗan'uwa: kafin ka sa hannu, ka ce a rubuta maka nawa ake yanka a wata, nawa ne dole ya zauna a ciki. Kuɗinka ne, babu kunya a tambaya.