Tempane: Yadda Gonakin Bayan Gari Ke Komawa Fulotai

Duk wanda ya bi hanya daga Bawku ko Garu ya doshi Tempane da rani, tun kafin ya shiga gari zai fara ganin gajerun turakun siminti a cikin gonaki, ga kututturen karan dawa na bara a gefensu. Can kuma ga tarin bulo da yashi a gindin kaɗanya. Waɗannan turaku na safiyo ne, kuma ma'anarsu ita ce gonar ta tashi daga gona, ta koma fuloti.

Tempane dai ta zama hedkwatar gunduma mai zaman kanta a shekarar 2018, lokacin da aka raba gundumar Garu-Tempane gida biyu, wadda ita ma daga Bawku ta Gabas aka cire ta a 2004. Da zarar gari ya samu wannan matsayi, sai ofisoshi su biyo baya, ma'aikata da malaman makaranta da na asibiti su zo neman wurin zama, 'yan gari da ke Kumasi da Ankara kuma su tuna ba su da ɗaki a gida. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. To amma fa ƙasar da ake yankawa ba daji ba ce.

A wannan yanki na Kusasi da Bimoba da Busanga, gidaje a warwatse suke, kowane gida da gonarsa kewaye da shi. Ita wannan gona ta gindin gida ita ke shan takin shanu da awaki da tokar murhu shekara da shekaru, kuma a cikinta ake shuka geron nan mai saurin nuna da suke kira nara, wanda ke fid da iyali daga yunwar tsakiyar damina. Watau ƙasar da ta fi kusa da gari ita ce ta fi albarka, ita ce kuma ake fara sa wa turaku. Ga shi ginin namu ba na hawa sama ba ne. Fuloti mai ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi, huɗu ne kacal ke fita daga eka guda, kafin ma a cire hanya. Eka goma da ke ciyar da babban gida, ba za ta ba da gidaje 40 ba, kuma da yawa daga cikin fulotan sai su shekara goma da harsashi kawai, ba gida ba gona. Matan da ke tsintar kaɗe da ɗorawa a wurin kuwa, ba wanda ke tambayarsu ranar ciniki.

Inda abin ya fi shafarmu mu mutanen zango shi ne asalin yadda kakanninmu suka samu gonakin. Fatauci ya kawo su, goro da shanu da tufafi, ba gadon ƙasa ba. Wanda ya so noma sai ya kai goro ko kaza wurin tindana, watau mai kula da ƙasa a al'adar yankin, ko wurin sarki ko wani mai gida, a nuna masa fili. Ba takarda, sai shaidu da mutunci. A da wannan ya isa, domin ƙasa ba ta da kuɗi, kuma tun zamanin Turawa filayen arewa suna hannun gwamnati ne a dokance, har tsarin mulkin 1979 ya mayar da su ga masu su na gargajiya, na 1992 ya tabbatar. Yau shaidun sun rasu, fili ya yi daraja, jikan mai ƙasa na ganin aro aka ba da, jikan baƙo na ganin kyauta ce. A Yendi maganar ƙasa tana komawa ga Ya-Na da sarakunansa, a Salaga ga Kpembewura, amma labarin manomin zango kusan ɗaya ne: shi ke jin zancen a ƙarshe, bayan safiyo ya gama awo.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, dokar filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta yi magana a kan wannan. Ta yarda mai asalin ƙasa ya karɓi gona domin faɗaɗa gari, amma ta ɗaure shi da biyan diyya ga wanda ke da haƙƙin cin moriyar gonar a gargajiyance, kuma diyyar kada ta gaza kashi 40 cikin 100 na fulotan ko kimarsu a kasuwa, ko kuwa a ba shi wata ƙasar da ta dace. Idan gona ta fid da fuloti 30, to 12 ke nan. Sannan dokar ta ce baƙo ko zuriyarsa da suka zauna a ƙasa da izinin mai ita har shekara 50 suna iya samun irin wannan haƙƙi, sai dai in an yi zaman ne bisa wasu sharuɗɗa da aka ƙulla tun farko. A nan gizo ke saƙa. Wanda ubansa ke kai damin dawa kowace kaka a matsayin ladan gona, ana iya cewa da sharaɗi ya zauna. Don haka ni a ganina, tun dattawan ɓangarorin biyu suna raye ya kamata a zauna a rubuta yadda aka yi, a kai sakatariyar filayen gargajiya da dokar ta ce masu ƙasa su kafa.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, mai lamba 925, ta ɗora wa majalisar gunduma nauyin tsara gari. Ita ke amincewa da taswirar unguwa, ita ke ba da izinin sauya fili daga noma zuwa gidaje, ita ke ba da takardar izinin gini. Sarki ko mai gida yana iya ba ka fili, amma ba shi ke mayar da gona unguwa ba. Mai saye ya fara leƙa ofishin tsara gari ya ga ko fulotin yana cikin taswira, kada a sayar masa da hanya ko filin makaranta. Ya kuma sani cewa a ƙasar sarauta haya ce ake ba shi ta wasu shekaru, galibi 99, wanda ba ɗan Gana ba kuwa ba ya wuce 50.

Mu ma dai ba mu wanke ba. Ɗan kasuwar zango da ya samu ribar albasa ko shanu ya sayi fuloti biyar ya ajiye, sau da yawa gonar maƙwabcinsa na sahun masallaci ce aka yanka masa. A yankin Bawku kuwa, inda rikicin sarauta ya riga ya ci rayuka, ba a wasa da gardamar iyaka, ko ta taku goma ce.