Turancin Tsaka-tsaki: Abin da Ke Tsayar da Ɗaliban Anka da Gummi da Bukkuyum a Jami'a

Gabatarwa

Kowace shekara idan an buɗe jami'o'i, akwai samari da 'yammata da ke fitowa daga Anka da Gummi da Bukkuyum, watau ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara, su nufi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko kuwa ta jiha da ke Talatar Mafara. Babu wanda aka ɗauka cikinsu sai da ya ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma yi takardar Turanci ta JAMB, wadda ta zama tilas ga kowa. Duk da haka sai ka tarar da yawansu suna jin abin da malami ke faɗa, suna kuma iya duba takarda su san inda ta nufa, amma idan aka ce su rubuta shafi biyu, ko su miƙe su yi bayani, sai abin ya cije. Sun wuce masu koyon farko, ba su kuwa kamo gwanaye ba.

Wannan matsayi yana da suna wurin masana. A 2001 Majalisar Turai ta fitar da wani ma'auni wanda ya kasa iya harshe hawa shida, daga A1 zuwa C2, to, hawa biyun tsakiya, B1 da B2, su ne tsaka-tsaki. Nufina a wannan takarda shi ne in nuna wa mai karatu dalilin da ya sa ɗaliban nan ke tsayawa a nan. A ganina yawancin kurakuransu ba na ragwanci ba ne, suna da tushe cikin harshen da suka tashi da shi, kuma wannan harshe shi ne makamin gyara su.

Harshe na biyu, ko baƙon harshe?

A takarda, Turanci shi ne harshen mulki a Nijeriya, don haka akan lasafta shi harshe na biyu. Amma fa ga yaron da ya tashi a ƙasar Gummi ko Bukkuyum, baƙon harshe ne sosai. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a majalisa Hausa, wa'azi da rediyo Hausa, wani ma da Fulatanci ya fara kafin Hausar. Turanci ba ya jinsa sai a aji, a ajin ma sau da yawa malami ya rubuta da Turanci ya yi bayani da Hausa.

Tsarin ilmi kuma bai zauna wuri ɗaya ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, aka yi ta sabuntawa, ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare, sa'an nan a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi shekara shida cur da harshen gida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan, an koma Turanci. Ga kuma rashin zaman lafiya, wanda ya sa a Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, suka yi watanni ba karatu. Ɗalibin da ya biyo ta wannan hanya ya iso jami'a, abin yabo ne. Sai dai ya iso da Turancin da aka haddace don cin jarrabawa, ba wanda kunne ya saba da shi ba.

Tun 1957 wani masani Ba'amurke, Robert Lado, ya nuna cewa idan aka jera harshen mai koyo da harshen da yake koyo aka gwada, za a hangi wuraren da zai yi tuntuɓe. Daga baya, a 1972, Larry Selinker ya ƙara da cewa mai koyo yakan gina wa kansa wani harshe na tsakani, kuma idan ba a kula ba wasu kurakuran sukan daskare, su zauna har abada. To, bari mu jera Hausa da Turanci mu gani.

Sauti

Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, da tagwaye biyu, watau "ai" da "au". Turancin Ingila kuwa, ko da yake da haruffa biyar ake rubuta wasulansa, a baki sun kai ashirin. Duk da haka Bahaushe yana da sa'a guda: da yake ya saba bambanta "gari" na mutane da "gari" na tuwo ta wajen tsawon wasali, bambanta "ship" da "sheep" ba ya ba shi wahala sosai.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen baƙaƙe. Turanci ya raba p da f da v da b, huɗu ke nan. Hausa kuwa ba ta da p da v a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu. Abin da muke rubutawa f, Bakano da leɓɓa biyu yake furta shi, har wani lokaci ya yi kusa da p. Mutumin Anka kuwa "hwara" yake cewa, da "hili", da "huska", da "tahi". Ke nan f ɗin Turanci, wanda ake yi da leɓen ƙasa da haƙoran sama, babu shi a bakin kowannensu, amma kowa daga wuri dabam ya taso. Littafin da aka rubuta da Bakano a zuci ba zai yi wa Bazamfare daidai ba, sai malami ya gyara. Haka kuma sautuka biyun da ake rubutawa "th", Bahaushe yakan mai da su s da z, "think" ta koma "sink", alhali mutanen kudu t da d suke mai da su.

Sa'an nan akwai gaɓa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa da muka aro kalmomi muka cusa musu wasali, muka sami burodi da firamare da silifa, muka kuma lanƙaya wasali a ƙarshen benci da bokiti. Wanda bakinsa ya saba da haka, in ya gamu da "strength", mai baƙaƙe uku a gaba, dole ya nemi wurin hutawa a tsakani. Na ƙarshe, Hausa da karin sauti take aiki, shi ke raba "baba" uba da "baba" uwa da "baba" na rini. Turanci kuwa danna gaɓa ɗaya yake yi ya sassauta sauran. Ɗalibin da ke ba kowace gaɓa haƙƙinta, maganarsa takan yi wa mai sauraro nauyi ko da kalmominsa daidai ne.

Nahawu

Kurakuran sauti a baki suke tsayawa, na nahawu kuwa su ke cin maki a takarda. Ga huɗu waɗanda na sha gani.

Na ɗaya, a Hausa ba a cewa "Audu tafi", sai an sa "ya" a tsakani. Ɗalibi sai ya ɗauko wannan doka ya rubuta "Audu he went". Na biyu, kowane suna a Hausa namiji ne ko mace, mota "ita" ce, gida "shi" ne, don haka "it" ba ya zuwa masa da sauri.

Na uku ya fi su wuya. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko bai kammala ba, Turanci kuwa ya fi kula da lokacin da aka yi shi. "Ya tafi" guda ɗaya tana ɗaukar "he went" da "he has gone" da "he had gone", sauran zancen ne ke nuna wanda ake nufi. Ɗalibi yana iya haddace jadawalin nan duka, ya ci tambayoyin zaɓi, amma da ya shiga ba da labari sai ya cakuɗa su, domin a zuciyarsa abu ɗaya ne.

Na huɗu, amsar tambaya mai korewa. Idan aka ce wa Bahaushe, "Ba ka kawo littafin ba?" ya ce "I", nufinsa bai kawo ba, ya gaskata mai tambaya ne. A Turanci "yes" a nan tana nufin ya kawo. Wannan ƙaramin abu ya isa ya ɓata tsakanin ɗalibi da malami, balle tsakanin majiyyaci da likita.

Kalmomi

Harsuna ba su raba ma'ana ta hanya ɗaya. Hausa ta raba aro da rance bisa ga ko abin da aka karɓa shi za a mayar ko madadinsa. Turanci bai damu da wannan ba, shi mai bayarwa da mai karɓa ya raba, "lend" da "borrow". Shi ya sa "ara mini" ke fitowa "borrow me". Haka "ji" ta tattara jin magana da jin wari da jin zafi da ganewa, "sha" kuma ta haɗa ruwa da magani da taba da rake. Muna kuma cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai ɗalibi ya rubuta "advices" da "informations", alhali Turanci ba ya jam'inta su.

Ban da wannan akwai ƙarancin kalmomin kansu. A 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo a Turanci, kuma da irinsu ake yin zancen yau da kullum. Amma binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa mai son karanta rubutun da ba a sauƙaƙa ba, ba tare da tsayawa duba ƙamus kowane layi ba, yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Tsakanin 2,000 da 8,000 nan ne ramin da ɗalibin tsaka-tsaki ke faɗawa. Kalmomin farko kullum yana gamuwa da su, na gaba kuwa jefi-jefi suke zuwa, in ba ya yawan karatu sai ya manta wannan kafin ya sake ganinta.

Guzurin da ɗalibi ya zo da shi

Kada mai karatu ya zaci ɗaliban nan hannu rabbana suka zo. Guzuri biyu gare su waɗanda ba a cika lura da su ba.

Na farko, sun riga sun taɓa ƙetare irin wannan gulbi. A gida cewa suke yi "sunka zo", "yat tahi", "shina nan", "gidanai", "shi na". A makaranta aka ce su rubuta "suka zo", "ya tafi", "yana nan", "gidansa", "shi ne", domin Daidaitacciyar Hausa bisa Kananci aka gina ta. Suka kuwa koya, ba don an ce Hausarsu ba ta da kyau ba, sai don sun gane cewa inda gida ke da kaza, littafi yana da kaza. Wannan ita ce dabarar kwatanta harshe, suna da ita tun suna yara.

Na biyu, wanda ya yi tajwidi a Islamiyya an koya masa mafitar haruffa. Ya san ث da ذ da bakin harshe da haƙora ake yin su, ya san ف da leɓen ƙasa da haƙoran sama ake yin sa. To, ai su ne "th" biyun nan da f na Turanci. Abin da ya rage kurum a gaya masa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin yi

Darasin Turanci da kowane ɗalibi ke yi a shekarar farko, a ɗaki mai cike da ɗaruruwa, ba zai wadatar ba. Ga abin da nake ganin zai taimaka.

Malaman Hausa da na Turanci su haɗa kai su shirya ɗan littafi na kwatanta harsunan biyu, da misalai daga Hausar yamma, ba Kananci kaɗai ba. Irin wannan aiki ba sabo ba ne, tun 1969 Elizabeth Dunstan ta fitar da littafi kan sautukan harsunan Nijeriya goma sha biyu domin malaman Turanci. Sa'an nan a riƙa ba ɗalibai fassara, sakin layi guda kowane mako, daga Hausa zuwa Turanci, domin fassara ita ke tono kuskuren da ke ɓoye.

Shi kuma ɗalibi ya tanadi littafin kurakurai. Duk gyaran da aka yi masa ya rubuta, ya sa jimlar Hausar da ta haifi kuskuren a gefe, ya sa daidai a ɗaya gefen. Ya kuma lizimci karatu kullum, ya fara da littattafai masu sauƙi waɗanda yake jin daɗinsu, yana hawa sannu a hankali. Ya nemi jerin kalmomin ilmi 570 da Averil Coxhead ta fitar a 2000, domin su ne ke yawo cikin littattafan jami'a ko wane fanni mutum yake. Ya riƙa sauraron labarai da Hausa, sa'an nan ya saurare su da Turanci, tun da ya riga ya san zancen kunnensa zai sami sarari ya kama lafazi.

Kammalawa

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? A 2010, sa'ad da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Sakamakon gwajin jini da rahotannin likitoci da Turanci suke, iyayen da za a yi wa bayani kuwa Zamfarci suke ji. A irin wannan rana babu wanda ƙasa ke bukata kamar ɗanta wanda ya riƙe harsunan biyu da ƙarfi. Irin waɗannan mutane muke fatan jami'a ta yaye, kuma ba za a same su ta hanyar raina harshen gida ba, sai ta hanyar tsayawa a kansa a miƙa hannu. Allah ya buɗa wa ɗalibanmu, ya ba ƙasar Zamfara lafiya, amin.